Kada Ado Ya Cinye Ma'ana

Kwanan baya na je wani taro a nan yankinmu na Toranke, cikin ƙasar Ajingi, na tarar an rataya ƙyalle a bakin rumfa da rubutu mai kyan gani. Haruffan masu kauri ne, masu kumbura, irin na tallan da. Amma da na matsa kusa sai na ga an rubuta, "Barka da zuwa manyan baki." Haba jama'a! Manyan baƙi muka gayyata, sai ga shi mun tarye su da zagi.

Ba na ƙin ado. Kowa ya san allon zayyana da ake yi wa almajiri in ya sauke Alƙur'ani, da rubutun da masu fenti ke ƙawata manyan motoci da shi a hanyar Gaya zuwa Kano. Kanun labari da takardar sanarwa dole su ja ido, in ba haka ba mai wucewa ba zai tsaya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, yawancin haruffan nan na yayi ba domin Hausa aka zana su ba. Ga misali, wanda ake kira Cooper Black, Oswald Cooper ne ya zana shi a Shikago ta Amurka, aka fitar da shi a 1922, domin tallan Turanci. Irinsu da dama ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai mai bugawa ya yar da ƙugiyar ya huta. Nan take ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari.

Tun zamanin Dokta East da Malam Abubakar Imam, waɗanda suka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka sha wahalar tsayar da ƙa'idar rubutun boko. A lokacin kowane harafi sai an zuba shi da dalma. Yanzu kuwa haruffan nan uku suna cikin kwamfuta da wayar hannu. Wane uzuri ya rage mana?

Malamin makaranta ya fi kowa asara. Ya yini yana koya wa yaro bambancin ƙasa da kasa, yaron ya fito ya ga bango ya ƙaryata malaminsa.

Saboda haka, ya ku malamai da akawuna, kafin ku biya mai bugawa, ku sa ya rubuta muku "ɓarawo, ɗaki, ƙofa" da haruffan da ya zaɓa. In ƙugiya ta fito, madalla. In ba ta fito ba, a sake waɗansu, ko mai fenti ya sa ta da hannu. Ta haka kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Allah ya sa mu gyara, amin.