Gwangwanin Madara a Ƙarƙashin Katifa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da yawa cikinmu mun ɗauka laifin da ba a kama mutum da shi ba, ba laifi ba ne. Da ni ma haka na ɗauka.

A zangon da ya wuce, kwaɗayi ya sa na ɗauki gwangwanin madara daga akwatin wani abokina, na ɓoye a ƙarƙashin katifa. Da aka yi cigiya, firifet ya ɗora wa wani yaro ɗan aji ɗaya laifin, aka sa shi yankan ciyawa. Ina kallonsa ta taga, na yi gum.

Ranar Lahadi a wurin sujada, aka karanta mana labarin Akan a Littafin Yoshuwa, sura 7. Tun kafin a ci birnin Yariko, Allah ya hana Isra'ilawa taɓa ganima. Amma Akan ya ɗauki riga mai kyau, da azurfa shekel 200, da zinariya mai nauyin shekel 50, ya binne a alfarwarsa. Ba wanda ya gan shi. Duk da haka, da suka je yaƙi da garin Ai, aka kore su, mutum wajen 36 suka mutu. Nan take na tuna da yaron nan da laujensa.

Wani zai ce, me ya haɗa madara da zinariya? A ganina halin ɗaya ne. Laifin ɓoye ba ya tsayawa kan mai shi, wani ne yakan sha wuyarsa. Mai satar amsa a jarrabawa ma ya danne haƙƙin wanda ya kwana karatu. Za a iya ɓoye wa firifet, amma ba Allah ba. A Romawa sura 14, Manzo Bulus ya koyar cewa kowa zai amsa a gaban Allah da bakinsa. Abokanmu Musulmi ma sun gaskata da ranar hisabi.

Tuba kuwa ba a baki kawai take ba. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Saboda haka na faɗa wa firifet gaskiya, na biya madarar, na roƙi yaron gafara. Na sha kunya da horo, amma daren nan na yi barci.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun kafin ranar da ba ɓuya. Amin.