Jawa da BSA sun dawo: Abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Konni da Illela, ya san cewa babura na Indiya da na Sin, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue, su ne suka mamaye hanya. To amma a 'yan shekarun nan an samu wani sabon yayi a Indiya da Turai, wato ƙera sabon babur da siffar na zamanin da: fitila zagayayya, tanki mai ƙyalli da doguwar salansa. Hotunansu suna yawo a wayoyin matasa, don haka ya dace ɗan kasuwa ya san ko mene ne su kafin wani dillali ya zo masa da daɗin baki.

Kamfanin da ya fi jan hankali cikin sababbin shiga wannan fage shi ne Classic Legends na Indiya, wanda kamfanin Mahindra ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. Dabararsa ita ce farfaɗo da tsofaffin sunaye. Jawa asalinsa na birnin Prag ne, inda aka kafa shi a 1929, daga baya aka riƙa ƙera shi a Maisur ta Indiya tun farkon shekarun 1960, aka sauya masa suna zuwa Yezdi, har masana'antar ta rufe a 1996. BSA kuwa na Birmingham ne a Ingila, kuma a shekarun 1950 babu kamfanin babur da ya kai shi girma a duniya, kafin ya durƙushe a farkon shekarun 1970.

Classic Legends ya sayi sunan BSA a 2016, ya fito da sabon Jawa a watan Nuwamba na 2018, sannan Yezdi a Janairun 2022. BSA Gold Star mai injin 652cc an nuna shi a Ingila a ƙarshen 2021, ya shiga kasuwar Indiya a 2024. Ana ƙera su ne a garin Pithampur.

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a nan suna da siffa ne kawai tsofaffi. Cikin babur ɗin na zamani ne. Jawa na farko da suka fitar injinsa 293cc ne, mai ƙarfin doki wajen 27 da giya 6, wato ya ninka ƙaramin Boxer kusan sau uku. Ruwa ke sanyaya shi, yana da lagireto kamar mota. Ba shi da kafireto, na'urar kwamfuta ce ke auna man da injin zai sha.

A nan ne gizo ke saƙa. Bakaniken bakin kasuwa da ya saba kwance kafireto ya wanke cikin ɗan lokaci ba zai iya gano matsalar irin wannan inji ba sai da na'urar bincike. Haka kuma famfon mansa ba ya jure wa fetur ɗin bumburutu mai datti ko gauraye, wanda shi ne da yawa daga cikinmu ke sha a ƙauyukan iyaka. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafin kowace lita ya zama dole, kuma babban inji ba zai taɓa yin tsimin ƙarami ba.

Wani abin lura shi ne nauyi. Gold Star ya haura kilo 200. A kan kwalta abin sha'awa ne, amma a cikin rairayi ko laka, ɗauke da buhu biyu na wake, wahala ce. Ba a yi shi don kabu-kabu ko dakon kaya ba, an yi shi ne don mai hali da ke son hawa na marmari.

Sai batun gasa. Royal Enfield shi ne ke riƙe da wannan kasuwa a Indiya, kuma ya sayar da babura sama da miliyan 1 a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025. Honda ta shigo da CB350 a 2020, Bajaj da Triumph suka biyo da Speed 400 a 2023. Shi kuwa Jawa, masu sayensa na farko a Indiya sun yi watanni suna jira kafin a miƙa musu babur, abin da ya taɓa sunansa tun daga tushe.

Saboda haka, duk wanda aka yi wa tallar ɗayansu, ya yi tambaya uku kafin ciniki. Ina wakilin kamfanin da zai ɗauki alhaki idan inji ya samu matsala? A ina za a samu kayan gyara, kuma cikin kwana nawa? Takardun duwan sun cika? Mun ga yadda rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma takunkumin 2023 a kan Nijar, suka tsayar da kaya wata da watanni.

Ɗan kasuwar da ke son gwadawa, gara ya karɓi kuɗin kafin alƙalami daga wanda ya yi oda, ya shigo da ɗaya tare da kayan gyaransa, maimakon ya cika shago. Idan babu amsa ga waɗancan tambayoyi uku, to cinikin biri a sama ne, kuma jarin ya fi amfani a kan Boxer biyu ko uku da kowane bakanike ya san cikinsu.