Jaki Ba Ya Kai Ƙara, Wa Zai Kai Masa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana dabbobi, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana malamai da fatake, nakan zauna a ƙofar zaurena da hantsi in almajirai sun tashi daga karatu, in ga jakuna suna wucewa da mangalar ƙasa, bayansu duk miki, yaro na biye da sanda. Kowa ya gani sai ya ce "Allah sarki," amma ba mai tashi. Ni ma ban tashi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, in ba ku labarin waɗansu mutane da suka tashi, da irin gidajen da suka fito, domin mu auna kanmu.

Ran 16 ga watan Yuni, 1824, mutum 22 suka taru a wani gidan shan gahawa a birnin Landan, suka kafa jam'iyyar hana zaluntar dabbobi. Ita ce wadda ake kira RSPCA tun 1840, sa'ad da Sarauniya Biktoriya ta yarda a jingina ta ga sarauta. Ba hukuma ce ta tara su ba, su suka tara kansu, don ganin ukubar da dawakin kaya da shanun kasuwa ke sha a titunan birninsu.

Wanda ya kira taron wani limamin coci ne, sunansa Arthur Broome. Ya ajiye limancinsa ya zama magatakardan jam'iyya ba da albashi ba, har ya ɗauki mutum guda yana biyansa daga aljihunsa, aikinsa ya zaga kasuwar dabbobi ta Smithfield ya kawo labarin masu mugunta. Na biyu Richard Martin, ɗan majalisa daga Galway ta ƙasar Ailan, mai gonaki da filaye masu yawa. Shi ya tsaya har majalisa ta yi dokar 1822, wadda ta hana cutar da doki da alfadari da jaki da saniya da tunkiya, ta sa tarar sule 10 zuwa fam 5, ko ɗaurin da bai wuce wata 3 ba. Bai bar dokar a takarda ba, da ƙafarsa yake bin titi yana kai masu laifi gaban alƙali. Na uku Lewis Gompertz, Bayahude, ɗan gidan attajirai masu cinikin lu'ulu'u. Tausayinsa ya kai shi ga barin nama da madara da shiga keken doki. A nan mun rabu da shi, domin abin da Allah ya halatta ba mai haramta shi, amma ba mu musun gaskiyar niyyarsa. Akwai kuma William Wilberforce da Thomas Fowell Buxton, 'yan majalisa, Buxton ne ma ya shugabanci zaman farko.

To, ku dubi wannan taro: malamin addini, da mai ƙasa, da ɗan kasuwa, da masu faɗa a ji a majalisa. Kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma kada ku zaci sun sha da sauƙi. Broome mutum ne mai zuciya, ba mai lissafi ba. Kuɗin da ke fita ya fi wanda ke shiga, shi kuwa ya ɗauki lamunin bashin jam'iyya a wuyansa, sai a 1826 aka jefa shi kurkukun masu bashi. Martin da Gompertz ne suka yi faɗi-tashi aka biya, aka sake shi. Gompertz ya karɓi magatakarda a 1828, kuma da ya ke ya tashi a gidan ciniki, shi ya daidaita asusun har jam'iyya ta miƙe. Me aka saka masa da shi? A 1832 husuma ta tashi, aka zartar cewa jam'iyyar bisa aƙidar Kirista take tafiya, mutumin da ya cece ta ya fita ya kafa wata. Shi ma Martin bashi ya kore shi zuwa Faransa, can ya mutu a 1834. Duk da haka aikin bai mutu ba: a 1835 majalisa ta hana wasan cuna wa bijimi karnuka da haɗa zakaru faɗa.

Na san wani zai ce, "Malam, mutane na kwana da yunwa, kai kana maganar jaki?" Amsa ita ce, Wilberforce ɗin nan shi ne ya yi shekaru yana faɗa har Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, Buxton kuma ya gaje shi har aka yi dokar 'yanta bayi a 1833. Ashe tausayin dabba bai rage musu tausayin ɗan Adam ba. Bayan wannan, jakin nan shi ne jarin talaka, ran da ya faɗi, tukunyar gidan ta faɗi.

Wani kuma zai ce wannan koyi da Nasara ne. Subhanallahi! Mun riga su karantawa. Wane almajiri ne bai ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ko wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi? An umarce mu mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka. A Muhtasar na Shaihu Halilu, cikin babin ciyarwa, an wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, haka nan in ya ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Hukunci muna da shi tun da daɗewa. Abin da muka rasa shi ne masu tashi su tsaya masa, domin hukunci ba shi da ƙafa, mutane ne ƙafafunsa.

Saboda haka ga shawarata. A kowace kara, limamin wurin da sarkin pawa da babban dillali da likitan dabbobi da attajiri guda amintacce su haɗa kai don Allah, ba don albashi ba. Malami ya yi wa'azi, kada ya riƙe jaka. Attajiri ya riƙe jaka, ya rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a kowane wata, kada a ci bashin ko anini, don kada abin da ya sami Broome ya same mu. Kada kuma a kori mai taimako saboda ɗariƙarsa ko ƙabilarsa ko addininsa, kamar yadda aka yi wa Gompertz. A fara da ƙaramin abu: kwamin ruwa a inda ake loda shanu a mota zuwa Kudu, da hana cusa su fiye da kima, da maganin miki ga jakunan kaya.

Ni dai na yi niyya, gobe in Allah ya kai mu, zan tsai da yaron nan mai sanda, in tambayi gidan ubangidansa. Allah ya ba mu ikon jinƙan na ƙasa da mu, ya jiƙan mu ranar da za a bi wa tunkiya marar ƙaho hakkinta. Wassalamu.