Dala 40 ta Hukumar Ruwa da Lissafin da Ba a Faɗa

A kudancin Kalifoniya, hukumar ruwa ta Metropolitan tana mayar wa mai gida dala 40 idan ya cire tsohon masai ya kafa mai tsimin ruwa. A kunne abin da daɗi: ga ragin kuɗin ruwa, ga rangwame. Amma kafin a kira mai gyaran famfo, ya kamata a ɗauki biro.

Tsofaffin masai na Amurka kan zubar da lita 13 ko fiye a kora ɗaya, wato sama da rabin jarkar mai garuwa. Dokar makamashi ta 1992 ta rage adadin zuwa lita 6, kuma ta fara aiki a 1994. A 2006 hukumar kare muhalli ta EPA ta fito da tambarin WaterSense, wanda masai ba ya samunsa sai idan bai wuce lita 4.8 ba. Tarkon farko yana nan. Mutum zai ga tambarin a kanti ya saya da murna, sannan ya tarar rangwamen kudancin Kalifoniya na masan da bai haura kusan lita 4.2 ba ne, domin lita 4.8 ta riga ta zama tilas a jihar, kuma ba a biyan lada a kan abin da doka ta wajabta. Dole samfurin ya kasance cikin jerin da hukuma ta amince da shi, dole a nuna rasit, kuma idan kuɗin da aka ware ya ƙare, shi ke nan.

To, mu ƙaddara gida mai mutum huɗu, kowa yana kora ruwa sau 5 a rana, wanda shi ne kusan abin da bincike kan gidajen Amurka ya nuna. Kora 7,300 ke nan a shekara. Mu ce masai da ladan mai ɗaurawa sun ci dala 400, ruwa da kuɗin magudana kuma senti ɗaya ne kowane galan, wato lita 3.8. Wanda ya cire mai lita 13 ya kafa mai lita 4.2 zai yi tsimin lita kusan 64,000, kimanin dala 170, kuɗinsa ya dawo cikin shekara biyu da 'yan watanni. Shi wannan ko ba rangwame ya ci riba. Wanda nasa mai lita 6 ne kuwa, lita 13,000 kacal zai rage, dala 35 a shekara. Sai ya yi sama da shekara goma yana jiran uwar kuɗi. Dalar nan 40 ba ta sauya hukuncin ko ɗaya daga cikinsu ba. Shekarun tsohon masan ne suka yanke.

Duk wannan ma idan kora ɗaya ta wadatar ne. Masan da suka fara fitowa bayan 1994 sun yi ƙaurin suna, sai an kora sau biyu, tsimin ya bi ruwa. Abin da ya haifar da gwajin MaP ke nan a 2003, inda ake zuba curin waken soya a ga giram nawa masai zai iya tafiya da shi. WaterSense na neman giram 350, masu ƙarfi suna kai 1,000. A ganina wannan lambar ta fi tambarin amfani ga mai saye. Akwai kuma tsohon gida mai doguwar magudana marar gangara, inda ƙarancin ruwa kan bar ƙazanta ta kwanta a bututu, kuma kiran mai gyara sau ɗaya ya isa ya cinye rangwamen har da ƙari. Ɗan haya da mai gidan haya su ma lissafinsu ba ya haɗuwa: ɗaya ke sayen masai, sau da yawa ɗayan ke biyan kuɗin ruwa.

Ba na musun cewa gari yana amfana. Birnin New York ya sauya masai kusan miliyan 1.3 tsakanin 1994 da 1997, domin hakan ya fi neman sabon ruwa da faɗaɗa matatun ƙazanta sauƙi. Sai dai ribar hukuma daban, ta aljihun magidanci daban.

Mai masan lita 6 gara ya fara buɗe murfin tankin. Robar da ke toshe ƙasansa idan ta tsufa, ruwa kan yi ta zurarewa dare da rana, har ɗaruruwan lita a yini. A ɗiga kalar abinci a tankin, a jira minti goma ba tare da an kora ba. Idan kalar ta bayyana a kwanon, robar ce, kuma 'yan daloli ake sayar da ita.