Dambe Ya Ci Gaba Ne Ko Ya Ci Baya?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin 'yan Arewa mazauna Kurmi, ko a mayankar Agege, ko a Alaba Rago, ko a Sabo ta Badun. Dattawa suna cewa dambe ya mutu tun ranar da su Shago da Ɗandunawa suka kwance zare. Samari kuwa suna cewa da za a komo da mazan jiya a haɗa su da Ebola, ko Ali Ƙanin Bello, ko Dogo Mai Takwasara, da ba za su ga turmi na uku ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma dukansu sun bar jaki suna dukan taiki. Gwanintar manyan 'yan dambe tana nan. Abin da yake raguwa shi ne wurin da ake koyonta, kuma wanda yake son ya gane haka sai ya dubi gari kamar Kachia a kudancin Jihar Kaduna.

Da fari dai, ya kamata a san da wane mudu ake awo. Mai tsere akwai agogo da zai raba masa gardama, amma dambe ba shi da agogo. Galibin masu yabon Shago a yau ba su taɓa ganinsa a fage ba, a bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace suka san shi. Makaɗi kuwa aikinsa ke nan ya kambama gwaninsa. Ɗan damben yau ba shi da wannan rufin asiri. Tun daga 2017 da aka fara sa wasan a YouTube da sunan Dambe Warriors, duk tuntuɓen da mutum ya yi yana cikin wayar jama'a, ana ta maimaita shi. Watau ana gwada wanda aka sani ta waƙa da wanda aka sani ta hoto, kuma wannan awo ba zai yi wa na yau adalci ba.

Sa'an nan akwai abin da ya ƙaru wanda ba a iya musunsa. A da, dambe wasan kaka ne. Mahauta suna bin garuruwa bayan an gama girbi, su yi 'yan watanni, kowa ya koma kan sana'arsa. Yanzu akwai gidajen dambe na dindindin a Kano da Dei-Dei ta Abuja da Marabar Nyanya, inda 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada suke karawa rani da damina. Ana sa gasar mota da ta babur. Waɗansu masu shirya wasan sun kawo awon nauyi da ƙayyade lokaci da ajiye likita a bakin fage. Mutumin da dambe ya zama masa abinci, yana motsa jiki yana fuskantar gwanaye duk shekara, lalle ne ya fi ƙarfin numfashi da sanin hannu iri-iri bisa ga wanda yake yi wata biyu ya ajiye.

Amma fa dattawan ba zancen banza suke yi ba. Ɗan dambe hannu biyu gare shi, ɗaya na duka, ɗaya na kariya. A wurin masana, iya kariya da haƙurin jiran kuskuren abokin karawa su ne rabin sana'ar, har turmi uku babu kisa tsakanin gwanaye biyu abin kallo ne. Mai kallo ta waya kuwa kisa yake so, kuma da wuri. Da yake inda ido ya karkata nan kuɗi suke zuwa, sai yara suka koma kai hannu ba lissafi. Ga kuma yawan shiga fage da raunin da bai warke ba, domin wanda bai fita ba ba shi da na cefane. Ga waɗansu da suke neman ƙarfin zuciya a wurin ƙwaya. Duk waɗannan suna cin gwaninta.

Irin wannan gardama ana yin ta a ƙasashen waje. A Ingila da Ostareliya akwai zari-ruga mai 'yan wasa 13, wadda ta samo asali a 1895 a garin Huddersfield, sa'ad da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle don a riƙa biyan ma'aikata ladan aikin da suka rasa saboda wasa. Wasan masu neman na kansu ne, kamar dambe. A cikinta ne Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ci fiye da sau 500. Bayan da aka kafa gasar Super League a 1996, manyan 'yan wasa suka bar sauran ayyuka suka zauna kan wasan kaɗai, suka ƙara gudu da ƙarfi, amma har yau tsofaffin masu kallo suna kukan an rasa dabarar da. Abin lura shi ne su can suna da ƙungiyoyin yara a garuruwan da wasan ya yi saiwa. Dambe ba shi da makaranta sai filin gari.

To, a nan ne zancen Kachia ya shigo. Kachia tana kan hanyar Kaduna zuwa Kafanchan, kuma sunanta ya fita ne saboda citta, wadda ake lodinta a manyan motoci har tashar jirgin ruwa ta Ikko. A irin wannan gari, da kaka kuɗi suke shiga hannu, kuma wasannin gargajiya, dambe ne ko kokawa, da kuɗin kaka suke rayuwa, gama da su ake sallamar makaɗi a yi wa gwani kyauta. A 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, manoma suka yi hasara mai yawa. Bugu da ƙari, satar mutane a hanyoyi da ƙauyukan yankin ta mai da taron dare abin tsoro. Inda babu kuɗi babu kwanciyar rai, kalangu ba ya tashi.

Yaron da ya taso a haka a waya zai ga dambe. Zai ga yadda ake kai duka, amma babu tsohon hannu da zai gyara masa tsayuwa, ko ya nuna masa lokacin ja da baya. Sunayen nan na Shagon wane da Autan wane da ake ji a fage suna nuna cewa kowane gwani a hannun wani ya tashi. In wannan igiya ta tsinke, yaro zai iso Abuja ko Ikko da ƙarfi kawai, a sa shi gaban gogaggu, su gama da shi kafin ya koyi komai. Manyan yau za su tsufa, kuma ran nan ne za a ga giɓin.

Saboda haka akwai aiki a gaban mazauna Kurmi, domin suna cikin masu riƙe da wasan da aljihunsu. Sarakunan Hausawa da sarakunan fawa da ƙungiyoyin fatake suna iya ware wani abu daga kuɗin da ake liƙa wa gwanaye a kai gida. A shirya wasan yara da rana tsaka bayan an tone citta, da sanin ƙaramar hukuma da sarakunan gargajiya, dambe da kokawa tare, yadda Adara da Hausawa da Fulani da sauran maƙwabta za su hallara a fili ɗaya. A nemi 'yan damben da suka kwance zare a biya su su koyar, a kuma hana duk yaron da aka kama da ƙwaya shiga fage. Wannan bai kai kuɗin motar gasa ɗaya ba.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ba masu hali ikon yi, ya kuma zaunar da ƙasa lafiya.