ZAUREN 'YAN MATA: Matar da ta ƙi yarda akwai daƙiƙin yaro

Na san da yawanku kun sha ganin allon makaranta an rubuta "Montessori" a jiki, wataƙila ma can ƙannenku ke zuwa. To, ba sunan gari ba ne, sunan wata baiwar Allah ce.

An haifi Maria Montessori a ƙasar Italiya a 1870. Ta kafe sai ta karanci likitanci, mahaifinta kuwa sam bai so ba. A jami'ar birnin Rum, sai maza sun tashi take shiga ɗakin gawa ita kaɗai ta yi nazari, wai bai dace ta tsaya cikinsu ba. Haka ta daure har ta fito likita a 1896.

A 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta tare da wani likita, inda ake koyar da yara masu raunin ƙwaƙwalwa, waɗanda kowa ya fid da rai da su. Sai ga wasunsu sun ci jarrabawar gwamnati! Abin ya tsaya mata a rai: in waɗannan sun iya, me ke danne lafiyayyun?

A 1907 ta buɗe "Gidan Yara" a San Lorenzo, unguwar talakawa a Rum. Ta sa aka ƙera kujeru da tebura daidai tsawon yara. Aka yanka haruffa da takarda mai kaushi, irin ta kafintoci, yaro ya shafa da yatsa yana faɗin sautin. Ana koya musu shara, wanke hannu da sa maɓalli. Ba duka, ba kyautar wanda ya zo na ɗaya. Kowa ya zaɓi aikinsa, malama na lura. Wallahi 'yan shekara huɗu suka kama rubutu. Ta rasu a 1952.

Ke da ake ce wa daƙiƙiya a aji, kada ki yarda har ki bar boko. Sau da yawa ba kanki ne ya toshe ba, hanyar ce ba ta dace da ke ba. Ke kuma mai koya wa ƙannenki, ajiye bulalar nan, ki ɗebo wake ku ƙirga tare.

Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.