Jini Ya Sauka, To Ina Ƙwan?



Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya tsaya Ambursa ko wani garin bakin titi ranar kasuwa, ya san muryar nan da ke fitowa daga lasifikar da aka ɗaure a kan mota. Maganin sanyi, wankin mahaifa, mai sauko da jinin da ya maƙale, kwalba ɗaya ta wadatar. Matan aure ba su cika tsayawa a gaban motar ba. Yaro ake aikawa da kuɗi a dunƙule, ko a yi saƙo ta WhatsApp a kawo daga Sakkwato ko Kano. Wadda ta aika kuwa, sau da yawa amarya ce da ta shekara ɗaya ko biyu a ɗaki, al'adarta na zuwa yadda ta ga dama, dangin miji sun fara tambayar nan mai ɗaci, wai har yanzu shiru? Wasu ma sun fara zancen kishiya a gabanta.

Ba ita kaɗai ba ce. A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na baligan duniya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Bambancin yana wajen inda mutum yake nufa idan abin ya same shi.

Abin da mai lasifika ba ya faɗa shi ne, ganin jini daban, sakin ƙwai daban. Mace mai lafiya takan ga al'ada duk bayan kwana 21 zuwa 35, idan aka ƙirga daga ranar farko ta wannan jinin zuwa ranar farko ta na gaba. Kimanin kwana 14 kafin jini na gaba ya zo, ƙwai guda yakan fito daga ma'ajiyarsa. Ƙwan nan bai wuce yini da kwana yana raye ba, maniyyi kuwa yakan kai kwana biyar a jikin mace. Ke nan kwanakin da ciki zai iya shiga ba su wuce shida ba a wata. Matar da take yin wata biyu ko uku ba ta ga jini ba, mafi yawa ƙwan ne ba ya fitowa a kan kari, ko ma ba ya fitowa sam. Jini kuwa ana iya tilasta masa ya zubo ba tare da ƙwai ya motsa ba. Ƙwayar Primolut da ake saya a kemis haka take yi: a sha kwanaki, a daina, jini ya zo, mace ta yi murna an gyara ta. Manomin shinkafa a fadamar gulbin Rima ya san ruwa ya kwanta a gona ba shi ke nuna an zuba iri ba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Mace ta yi ɓatan wata, ta ɗauka rikicin da ta saba ne, sai a haɗa mata jiƙon kanwa da saiwoyin da ba wanda ya san ƙarfinsu don a sauko da jinin. Idan ashe cikin da aka daɗe ana roƙon Allah ne ya shiga fa? Tsinken gwajin fitsari yana nan a kowane kemis, kuɗinsa bai kai na kwalbar ba. Kada mace mai neman haihuwa ta sha wani abu mai sauko da jini, na gargajiya ko na bature, sai ta gwada. Haka nan wadda aka ce cikinta ya kwanta, ta shekara tana jiran ya tashi, hoton ciki na 'yan mintoci zai nuna ko akwai ɗa ko babu.

Dalilan rikicewar al'ada suna da yawa, kuma magani ɗaya ba ya yi musu duka. Wanda ya fi yawa shi ne larurar da likitoci ke kira PCOS, wadda wasu likitoci biyu a Shikago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta a 1935. Ƙwayaye ne ƙanana suke yin jere a ma'ajiyar ƙwai, babu wanda ke nuna har ya fito. Mai ita takan ga gashi a haɓa, ƙuraje a fuska, wuya ya yi baƙi, sau da yawa da ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba su sani ba. Wata kuma sinadarin da ke kawo ruwan nono ne ya yi mata yawa, ta ga nono na tsatstsafowa alhali ba ta goyo, wannan kuwa gwajin jini ke gano shi, ƙwaya ke sauke shi. Akwai matsalar maƙoƙo, akwai rama mai tsanani. Mai shayarwa da ba ta ga jini ba, ba ciwo gare ta ba. Wadda ta yi allurar tazarar haihuwa ta wata uku, jikinta kan ɗauki watanni, wani lokaci har kusan shekara, kafin ya koma daidai, kuma yana komawa da kansa. Sai 'yan matanmu masu shan sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki: ƙwayoyin nan na iya hargitsa al'ada.

To hulba, da habbatussauda, da kanumfari, da kirfa, da zuma fa? Ba zan raina su ba. Abinci ne da kayan ƙamshi, a gwargwadon da ake sa su a shayi ko kunu ba su cika cutarwa ba, kuma masana sun fara gwada wasunsu. A 2014 masu bincike a Jami'ar Kolombiya da ke Niyok sun gwada kirfa a kan mata 45 masu PCOS, suka ga waɗanda suka sha ta al'adarsu ta ɗan fi zuwa a kai a kai. Amma mata 17 kacal suka kai ƙarshen wata shidan gwajin, kuma abin da aka ƙirga zuwan jini ne, ba haihuwa ba. A 2014 ɗin dai aka buga wani babban bincike na mata 750 a Amurka, inda aka gwada magungunan asibiti biyu masu sa ƙwai ya fito. Cikin masu shan Letrozole kashi 27.5 cikin 100 suka haihu, masu shan Clomid kuwa kashi 19.1, bayan gwaji na har zagaye biyar. Ku duba, masu sauraro. Wanda ya fi inganci cikin magungunan nan biyu, a hannun ƙwararru, mace ɗaya da ɗoriya cikin huɗu ya ba ɗa. Wanda ya rantse muku kwalbarsa ba ta taɓa kuskure ba, kun san abin da yake sayarwa. Su ma Clomid da Letrozole ɗin ba na saye a kemis a sha da ka ba ne, sai likita yana duba ƙwan da hoto.

Abin da aka fi tabbatar da amfaninsa a wajen asibiti ba a sayar da shi a kwalba. Mai PCOS da ke da ƙiba, idan ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, ƙwai kan dawo fitowa da kansa. Mace mai kilo 80, kilo huɗu zuwa takwas ke nan. Sai dai mu a nan akasin haka muke yi mata. A ɗura mata gumba da tsumi, dabino da madara da sukari, da sunan gyaran jiki, alhali jikin mai wannan larura da sukari yake faɗa. Rage zaƙi da lemon kwalba, da motsa jiki ko da a tsakar gida ne, sun fi mata.

Inda ba zan yi sassauci ba shi ne abin da ake cusawa a gaba. Matsi na gari ko na ganye yakan ƙone fatar wurin, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, su hau su toshe hanyoyin da ƙwai ke bi. Matar da matsalarta mai sauƙin magani ce sai ta koma mai wuya. Yankan gishiri kuwa, da wanzami ko ungozoma ke yi wa wadda jininta ya ɗauke ko ta rasa haihuwa, yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, ciwon da cibiyar da ke Gesse a Birnin Kebbi take fama da ɗinkinsa.

Mu mutanen bakin gulbi kuma muna da wani abu namu da ake mantawa, wato tsargiya. Mun ɗauke ta ciwon yara maza masu fitsarin jini. Amma yarinyar da ta tashi tana wanki da wanka a gulbi, ko matar da ke shiga ruwan shinkafa, ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiya kan maƙale mata a bakin mahaifa, ya kawo ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada, da ruwa mai ƙaiƙayi, da ciwon mara, har da rashin haihuwa. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ke ɗauke da ita a Afirka kudu da Sahara. Sai a yi ta ce mata sanyi ne, wani lokaci har miji ya zarge ta. Maganinta Praziquantel ne, wanda ake raba wa 'yan makaranta. Ke 'yar'uwa, in kin je asibiti, ki gaya wa likita kina shiga ruwan gulbi, domin ba kowane likita zai tuna ya tambaya ba.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana gwajin jini, malamanmu ma ba su ce su hana ba. Abin da nake tsoro shi ne shekarun da ke tafiya ana cewa aljani ne ya aure ta, daga wannan mai magani zuwa wancan, domin ƙwan mace yana raguwa da shekaru, musamman bayan 35. Ƙa'idar likitoci ita ce ma'aurata su zo bayan shekara ɗaya babu ciki, wadda ta haura 35 bayan wata shida, wadda al'adarta ke tsallake watanni kuwa ba sai ta jira ko ɗaya ba. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar gargajiya ma kada ta ruɗe ku. Galibi tana nufin an duba ba a ga guba ba, ba wai an tabbatar tana kawo haihuwa ba.

Daga Ambursa zuwa Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ba wata tafiya ba ce, na Argungu kuma suna da babban asibitinsu. Matanmu sun riga sun iya ƙirga, tun a Islamiyya aka karantar da su kwanakin haila da na tsarki a Ahalari saboda salla. A rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, na wata uku, a tafi da takardar. A tafi da kwalaben da ƙullin garin da aka sha, kada a ɓoye don kunya.

A kuma tafi da maigida. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar, kuma ƙarfinsa a shimfiɗa ba ya nuna lafiyar maniyyinsa. Ko ya taɓa haihuwa da wata a baya, jiki na canzawa. Malam, gwajinka ya fi nata sauƙi da araha, babu allura, babu hoto. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ka ba da maniyyi a ɗakin gwaji, in sakamakon bai yi kyau ba a sake bayan kimanin wata uku, tunda haka sabon maniyyi yake ɗauka kafin ya nuna.